Faranti da Allo

Yamai babban birni ne, yana bakin kogin Kwara, wanda mutanen wurin ke ce ma Isa. A shekarar 1926 aka maido babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa can. Sa'ad da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, mutanen Yamai wajen 30,000 ne. Da aka yi ƙidaya a 2012, sai aka tarar sun haura miliyan guda. Wasu a nan aka haife su. Wasu kuwa fari ne ya koro su daga ƙauye, kamar na 1973 da 1974, da na 1984. Unguwar Lazare ma sansanin waɗanda yunwa ta koro ce tun farko, kafin ta zama unguwa.

Birni ya yi ta faɗi, amma gidaje ba su ishi kowa ba. Wanda ba shi da kuɗin haya sai ya nemi inda zai kafa bukka. Wasu sun shiga cikin itatuwan dogon yaro da aka fara dasawa a gefen birnin a 1965 don su tare iska da ƙura. Wasu sun zauna cikin kwari, inda ruwa ke kwanciya da damina. Wasu kuma sun samu filin wani mai hali wanda ya saya bai gina ba tukuna. Suna yi masa tsaro, shi kuwa ya bar su su zauna har ranar da zai kawo bulo. A irin waɗannan wurare ba safai ake samun pampo ko lantarki ba. Yara kuwa ga su nan da yawa, gama kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba.

Wannan labarin yarinya guda ce daga cikinsu. Uwarta ba ta kama sunanta, don ita ce ta fari, kuma kunyar ɗan fari tsohuwar al'ada ce. In za ta kira ta sai ta ce "Ke!" ko "ƴar nan". Saboda haka a nan ma Ƴar Fari za a ce da ita.

Gidan zana

Iyayenta mutanen wani ƙauye ne na ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi. Gonarsu ta gaji, hatsin da suke samu ba ya kai su ko tsakiyar rani. Sai uban ya kwashe iyalinsa ya zo Yamai. Suka samu wani fili da aka kewaye da katanga, ba a yi gini ciki ba. Mai filin ya yarda su zauna, bisa sharaɗin su riƙa share wurin, su hana mutane zuba shara. Suka kafa bukkoki biyu na zana, suka rufe samansu da leda saboda ruwan sama.

Uban ya yi dako, ya yi gadi, ya yi lebura wurin magina. Da ya ga abin bai kai ba, sai ya bi abokansa zuwa Libiya neman kuɗi. Shekarar farko yana aiko da saƙo duk wata. Yanzu sai a yi wata uku ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya bar matarsa da ɗiya huɗu: Ƴar Fari mai shekara 11, da ƙanenta mai shekara 9, da wata mai shekara 5, da na goye.

Uwar ba raguwa ba ce. Da asuba takan soya ƙosai. Da hantsi ta tafi unguwar masu hali ta yi wankau. Wata rana ta samu gida biyu, wata rana ta komo hannu wofi. Amma ba ta iya kasancewa wuri uku lokaci guda: ga kasko, ga wanki, ga pampo. Hannun da ta rasa, wurin ɗiyarta ta same shi.

Yinin Ƴar Fari

Tun kiran sallar farko yarinyar ke tashi. Takan ɗauki jarka ta nufi pampon unguwa, wanda ke da ɗan nisa. Ko da ta isa, jarkunan wasu sun riga sun yi layi. Da bazara, watau watannin Afrilu da Mayu, ruwan kan zo a hankali kamar zare, sai a daɗe kafin jarka guda ta cika. Mai kuɗi yakan kira ɗan garuwa ya kawo masa ruwa har ƙofar gida. Su kam ba su iyawa. Abin mamaki, wanda ke sayen ruwa jarka-jarka ya fi mai pampo cikin gida biyan sa da tsada, ga kuma lokacin da yake ɓatawa.

In ta kai ruwa gida sau biyu, ƙosai ya soyu. Sai ta aza faranti bisa kai ta tafi tasha, inda direbobi da ƴan dako ke karin kumallo. Ƙosai ba ya jira, in ya huce babu mai so. Ita ma ba ta iya barin tasha sai faranti ya yi wofi. Ana shiga aji ƙarfe 8. Sau da yawa sai wajen ƙarfe 9 take isa makaranta, tana haki, hannunta da maiƙo. Ta raɓa ta zauna can baya.

Da rana in an tashi, ita ke karɓar na goye, ta hura wuta, ta wanke kwanoni. Da marece kuma ta ɗauki farantin gujiya ta bi bakin hanya. Bayan magariba ta je makarantar allo wurin malamin unguwa. Nan ne barci kan sace ta, allo bisa cinya. Aikin da malamar boko ta bayar a yi a gida kuwa, sai in an samu haske. Fitilarsu ita ce wayar uwar, wayar kuma biya ake yi kafin a sa mata caji.

Haka yininta yake, tun daga Litinin har Jumma'a. Asabar da Lahadi babu makarantar boko, sai talla tun safe har yamma.

Lissafin uwa

Wanda ya ga yarinya da faranti lokacin karatu yakan yi saurin cewa uwarta ba ta san darajar ilimi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar Ƴar Fari ba ta shiga aji ba ko sau ɗaya, amma kowane dare tana yin lissafi.

Ga yadda lissafin yake. In faranti biyu suka ƙare, ribar kan kai dala 80, wata rana dala 100, watau sefa 400 zuwa 500. Da wannan ake sayen icce, da gishiri, da kuka, da ɗan sabulu. Ranar da ba a samu wankau ba, da shi ake sayen garin tuwo. Dala 10 kuwa kullum uwar kan ware ta zuba adashi, don ranar da za a yi ma yarinyar aure kada a rasa ko tasa da kwano.

Makaranta fa? An ce makarantar gwamnati kyauta ce, kuma gaskiya ne ba a biyan kuɗin karatu. Amma akwai littafin rubutu, da alƙalami, da alli, da takalmi. Akwai ɗan abin da kwamitin iyaye ke tarawa. Duk wannan fita ce, babu shiga. Ribar faranti yau ake ganinta cikin tukunya. Ribar karatu sai bayan shekaru, in an yi sa'a. Uwar kuwa ta san samari a unguwa waɗanda suka yi karatu har suka gama, ga su zaune suna shan shayi, babu aiki.

Ba ta jahilci haɗarin talla ba. Ta san hanya cike take da motoci da babura. Ta san a tasha akwai mazan da ba su tsoron Allah, masu sayen ƙosai don su tsai da yarinya da zance. Duk ranar da magariba ta yi ɗiyarta ba ta komo ba, takan fita ƙofar fili ta tsaya, gabanta na faɗuwa. Amma da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wanda bai ci ba, ba ya karatu.

Ƙanenta da buhu

Ƙanen Ƴar Fari ya riga ya fita. Ya yi aji ɗaya, ya shiga aji biyu, daga nan ya soma bin wasu yara masu yawo da buhu. Sukan bi juji suna tsintar gwangwani, da guntun ƙarfe, da tsohuwar waya, da robobi. Masu saye kan aza su bisa sikeli su biya kilo-kilo. Da yawan kayan nan kasuwar Katako suke ƙarewa. Can ne maƙera ke narka gwangwanayen alminiyam su zuba tukwane da ludaya, wasu kuma su mai da tsohuwar ganga akwati ko murhu. Tukunyar da uwar ke dafa tuwo ma daga can ta fito.

Sana'ar Katako sana'a ce mai amfani, tana ciyar da gidaje masu yawa. Amma rabon da ya faɗo ma yara shi ne mafi muni. Yaron yana tona juji da hannu, babu takalmin kirki. Kwalba ta sha yanka shi. Raunin da datti ya shiga yana iya kawo ciwon da likitoci ke ce ma tetanos, mai sandarar da jiki. Don su fid da jan ƙarfen da ke cikin waya, yaran kan ƙona robar da ke kanta, suna shaƙar baƙin hayaƙi. Tsohon batirin mota kuwa dalma gare shi, dalma kuma guba ce. In ta shiga jinin yaro tana rage masa kaifin ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya komowa.

Da yamma yakan kawo ma uwar dala 30 ko 40, ya riƙe sauran ya sayi abinci. Yana jin kansa babba. In aka yi masa zancen makaranta sai ya ce ya manta haruffa, kuma ba zai koma ya zauna da ƙananan yara su yi masa dariya ba.

Yadda yaro ke fita daga makaranta

Babu ranar da uwar ta ce ma ɗanta ya bar karatu. Yaron unguwar talakawa ba ya fita daga makaranta rana guda. Awa-awa ake ɗebe shi.

A ce yarinya tana makara awa guda kowace safiya. Cikin sati ta rasa awa 5. Shekarar karatu kan soma a watan Oktoba ta ƙare a Yuni. In aka cire hutu, a ce sati 30 ne. Awa 5 sau 30, awa 150 ke nan, kuma mafi yawansu awoyin safe ne, lokacin da kai ke sabo, lokacin da malamai suka fi son koyar da karatu da lissafi. A ƙara da ranakun da na goye ba shi da lafiya, da ranakun da ita kanta zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Darasin yau bisa na jiya yake zaune. Wanda bai ji na jiya ba, na yau zai zame masa duhu. In malami ya yi tambaya sai ya sunkuyar da kai. A ƙarshen shekara a ce ya maimaita aji. Ya zama babba cikin ƙanana, kunya ta kama shi. Iyaye su duba su ce, "Wannan ba shi da kan boko." Daga nan faranti ko buhu ya cinye sauran yinin. Alhali ba kai ne ya rasa ba, lokaci ne aka ɗauke masa.

Shaida ga wannan tana wurin Ƴar Fari. A tasha ba a taɓa cutarta wajen canji ba. In mutum ya sayi ƙosai na dala 15 ya ba ta tsabar sefa 100, nan take ta san dala 20 ce, ta maido masa dala 5. Ta raba 100 gida 5, ta kuma ɗebe 15 daga 20, duk da ka, kafin ya rufe baki. Amma in aka rubuta wannan lissafin bisa babban allo da Faransanci, sai ta tsaya tana kallo. Lissafin tana da shi, harshen ne ya tare mata hanya. Don maganin irin wannan ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, inda yaro ke soma karatu da harshen da ya sha a nono kafin ya shiga Faransanci.

Makarantar kanta

Makarantar unguwar talakawa ma talaka ce. Yara sun fi azuzuwa yawa. Inda gini bai isa ba, akan kafa ajin zana bayan girbi, in kara da ciyawa sun samu. Yara su zauna ƙasa ko bisa buhu. In ruwan sama ya sauka da wuri, karatun shekara ya ƙare.

Ajin zana kuma abincin wuta ne. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a wata makaranta a unguwar Pays-Bas, ɗaya daga cikin unguwannin talakawa na Yamai. Yara wajen 20 suka rasu, yawancinsu ƙanana ƙwarai. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekarar, irin wannan masifa ta auku a Maraɗi, yara 25 ko fiye suka rasa rayukansu. Iyayen da suka ji labarin nan ba su manta ba.

Ga kuma ambaliya. A 2024 ruwa ya yi ɓarna ƙwarai a faɗin ƙasa, har mutanen da gidajensu suka rushe suka fake cikin makarantu. Dole gwamnati ta ɗage komawa karatu daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Yaran da ke zaune cikin kwari su ne ruwa ke fara kora. Wanda ya tashi daga unguwa kuwa, sau da yawa ya tashi daga makaranta ke nan.

Akwai wani abu ƙarami mai hana babba, shi ne takardar haihuwa. Ƴar Fari a ƙauye aka haife ta, cikin ɗaki, ba a rubuta ta ba. An karɓe ta a aji ɗaya ba tare da takarda ba. Amma in lokacin jarrabawa ya zo za a nema. Wanda ba a rubuta shi kan lokaci ba, sai alƙali ya yi masa takardar da za ta maye gurbinta.

Abin da doka ta ce

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta hana a ɗauki yaro aiki, ko da koyon sana'a ne, in bai cika shekara 14 ba. Aiki mai haɗari kuwa sai wanda ya kai 18. A 2017 gwamnati ta fid da doka ta kare ƴan mata masu karatu, don su zauna makaranta har shekara 16. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara a 1990. Ta kuma amince da yarjejeniya mai lamba 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a shekarar 2000, wadda ta haramta mafi munin aikin da ake sa yara.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da asusun yara na UNICEF sun ƙiyasta cewa yara miliyan 246 ke cikin aikin da bai dace da su ba a shekarar 2000. A 2020 sun koma miliyan 160, a 2024 kuma miliyan 138. Daga cikin waɗannan, wajen miliyan 87 a Afirka kudu da Sahara suke. Tun 2002 aka keɓe ranar 12 ga Yuni don tuna ma duniya da su.

Sai dai doka ta fi ganin wurin da akwai mai gida da ɗan aiki, da albashi, da takarda. Ƴar Fari ba ta da mai gida. Uwarta ce ta aza mata faranti, kuma da ƙauna ta aza. Wane mai duba aiki ne zai shiga bukka ya kama uwa don ta nemi abin dafawa? In ya kama ta, wa zai ciyar da yaran?

Aiki iri biyu

Ba kowane aiki ke cutar yaro ba. Tun kaka da kakanni yaro na bin ubansa gona, yarinya na taya uwarta daka da shara. Ta haka ake koyon sana'a, da haƙuri, da sanin darajar abinci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai taɓa ɗaukar ko tsintsiya ba, shi ma an cuce shi.

Amma akwai aikin da ke gina yaro, akwai wanda ke cinye shi. Ana gane na biyun da alamu huɗu. Yana hana yaro shiga aji, ko ya sa shi makara. Yana hana shi barcin da jikinsa ke bukata. Yana da nauyin da ya fi ƙarfinsa, ko guba, ko wuta, ko kaifi. Yana kai shi inda babu idon wani babba nasa, balle da dare. In aka auna yinin Ƴar Fari da waɗannan alamu, wankin kwanoni da renon ƙanenta ba su da laifi. Tallan safe da na bayan la'asar su ne abin dubawa. Buhun ƙanenta kuwa ya cika alamun gaba ɗaya.

Zuwan malama

Malamar ajinsu ta lura da yarinyar nan mai zuwa a makare, mai gyangyaɗi, wadda kuma in an yi lissafi da ka takan riga kowa. Ran wata Asabar ta tambayi hanya ta zo har filin. Uwar ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Bayan sun gaisa, sun tambayi gajiya da lafiyar yara, sai malamar ta ce:

"Yaya, na zo ne bisa zancen ɗiyarki. Allah ya ba ta kai. Amma kullum sai rabin darasin farko ya wuce take shigowa."

Uwar ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malama, na sani. Ba don ina so ba ne. In ƴar nan ba ta fita ba, me zan ba su?"

"Ban ce ta bar taimakonki ba, Yaya. Awa guda na zo roƙo, ta safe. Ki bar mini ita daga ƙarfe 8, sauran mu duba tare."

Suka daɗe suna dubawa. Malamar ba ta da kuɗin da za ta ba su, ita ma albashinta da ƙyar yake kai ta ƙarshen wata. Abin da suka yi shi ne, suka bi yinin yarinyar awa-awa, suna neman inda za a ƙwato.

Ga abin da aka shirya. Uwar za ta riƙa kafa kaskonta a bakin hanya, ta sayar da ƙosai da kanta da zafinsa, ta jinkirta fita wankau. Zancen ruwa kuwa, gidaje huɗu na maƙwabta suka haɗa kuɗi suna hayar kura guda, samarinsu na turawa bi da bi da yamma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta yarda ta riƙa riƙe na goye, ana ba ta ƙosan karin kumallo. Tallan gujiya aka bar shi, amma bisa sharaɗin yarinyar ba ta shiga tasha, kuma kiran magariba ya same ta gida. Malamar ta ɗauki sunanta ta kai ma shugaban makaranta, don a sa ta cikin waɗanda za a nema ma takardar haihuwa.

Game da ƙanen, malamar ta gaya ma uwar cewa akwai wani irin aji da ake kira gada, a wurare da dama na Nijar da Mali da Burkina Faso. An yi shi don yara masu shekara 8 zuwa 12 waɗanda ba su shiga makaranta ba, ko suka fita da wuri. Wata 9 ake yi, ana somawa da harshen gida, sa'an nan yaro ya ƙetara ya shiga ajin tsaransa. A can ba zai zauna da ƙanana ba. Yaron ya ji, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Har yanzu ana lallashinsa.

Abin da aka biya

Shirin nan ba kyauta ya zo ba. Bakin hanya bai kai tasha ciniki ba, ribar safe ta ragu da wajen dala 20. Wani gidan da uwar ke yi ma wanki ya ɗauki wata, don ba ta zuwa da wuri. Adashi ya tsaya wata biyu. Akwai daren da aka kwana da kunu kaɗai. Uwar ce ta biya awar nan ta safe, daga cikin abin da ba ta da shi.

Ƴar Fari kuwa ta komo layin gaba. Ba ta zama ta ɗaya ba, amma ta daina ɓoye fuska. Ita ce yanzu ke karanta ma uwar lambobin saƙon waya, da rubutun da ke bisa takardar magani. Ranar da ta gane wani mai shago ya rubuta musu bashin da ya fi abin da suka karɓa, uwar ba ta ce komai ba. Amma da dare ta bar mata wayar ta yi aikin gida har cajin ya ƙare.

Kwanan baya wata babbar mota ta zo ta juye yashi a kusurwar filin. Bayan sati guda aka kawo bulo. Mai filin ya aiko cewa bayan salla magina za su soma aiki. Uwar ta shiga neman wani wuri. An nuna mata wani fili can bayan gari, mai faɗi, kusa da rijiya. Ta je ta gani, ta tambayi nisansa da makaranta. Aka ce mata tafiyar awa guda ce da rabi. Ta yi godiya, ta ce za ta ƙara dubawa. Da can abu biyu take tambaya in za ta sake wuri, ruwa da kasuwa. Yanzu sun zama uku.

A kusan kowane aji na birni akwai mai zuwa a makare, mai barci bisa tebur, mai ƙanshin mai ko hayaƙi a riga. Kada a yi masa dariya. Wataƙila ya yi aikin awa uku kafin sauran su farka. Wanda ke zaune kusa da shi yana iya ara masa littafi ya kwafi abin da ya wuce shi, ya kuma maimaita masa darasin safe lokacin shan iska.